Wane littafi ya dace da dogon daren sanyi?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da zuwana karatu Aberdeen, can arewacin Birtaniya, kuma wannan ne sanyina na farko a nan. Sanyin kansa da sauƙi, mutum ya jibga kaya ya kunna hita. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne duhun. Yanzu a Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen tara saura kwata na safe, kafin uku da rabi na yamma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin abin da bai kai awa huɗu ba muke yin su. Garin kuma da dutse mai ruwan toka aka gina shi, to sama toka, gini toka, teku ma toka. An yi hutu, abokan zamana sun tafi gidajensu, ni kaɗai na rage. Jiya na duba na ga awa bakwai na yi ina latsa waya, na tashi kai na sara, zuciya ba daɗi. Ina so in koma karatun ƙagaggun labarai kamar yadda nake yi a sakandare. Wane littafi ne zai riƙe mutum a irin wannan lokaci? Na Hausa ko na Turanci duk ina so.

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah sarki ƙanena, Allah ya ba da abin da aka je nema. Ka nemi Magana Jari Ce, duka ukun. Ba sai na ƙara komai ba.

Tsohon_Hedimasta:
Maman Hanifa ta riga ni, amma bari in faɗi dalili, don kada yaron ya ce ai littafin firamare ne ya wuce shi. Ɗana, ka tuna yadda littafi na ɗaya yake tafiya? Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Musa ya ƙagu ya bi abokinsa Mahmudu da ya tafi yaƙin, Waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Kullum dare ya yi sai Musa ya yi ɗamara ya zo wajen aku sallama, aku ya ɗauko wani labari, bayi masu tsaron ƙofa su ma su kawo nasu, kafin a ankara an kira assalatu. Wato littafin gaba ɗayansa dabarar tsare saurayi ce a cikin ɗaki har gari ya waye lafiya. To kai yanzu ai kai ne Musa. Ka karanta shi yadda aka gina shi, dare ɗaya rabon dare ɗaya, kada ka kwashe shi a zama guda. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin ajin da labarin Kalala da Kalalatu bai tayar da shi da dariya ba.

Ɗan_Gwale:
Na gode Baba. Wallahi ban taɓa kallon littafin ta wannan fuskar ba.

Bazazzagi_77:
Ai shi ne littafin da ya ci gasar da Turawa suka sa a Zariya a 1933. Dole ya yi daɗi.

Tsohon_Hedimasta:
A'a Bazazzagi, an samu ɗan kuskure. Ruwan Bagaja ne Abubakar Imam ya shiga gasar 1933 da shi, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana koyarwa a Katsina. A wannan gasar ne aka samu Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da Rupert East. Magana Jari Ce daga baya ya zo, tsakanin 1937 da 1939.

Bazazzagi_77:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Rashin sani ya fi dare duhu.

Likitan_Ido:
Ɗan Gwale, na san abin da kake ji, shekara shida na yi a Rasha. Shekarar farko na yi ta neman abin da zai mantar da ni sanyin, ban samu sauƙi ba. Sai da wata malamarmu ta harshen Rashanci ta ba ni wani gajeren labari na Tolstoy, wanda in an fassara sunansa zai zama Maigida da Bara, na 1895. Wani attajiri ne ya ji labarin wani daji da za a sayar da araha, ya ƙi jira gari ya gyaru don kada wasu su riga shi. Ya ɗaura doki, ya ɗauki baransa Nikita, suka fita cikin guguwar dusar ƙanƙara. Suka ɓata, suka faɗa wani ƙauye, aka ba su shayi aka ce su kwana, ya ce shi ciniki yana jiransa. Suka sake fita suka sake ɓata. Da dare ya tsala sai ya hau dokin ya gudu ya bar baran, dokin ya yi ta zagaye da shi ya dawo da shi inda ya baro. Ya tarar da Nikita yana daskarewa. Sai wannan mutumin da bai taɓa tunanin komai ba sai riba ya buɗe rigarsa ta gashi ya kwanta a kan baransa ya rufe shi. Da safe aka tono su, maigidan ya mutu, baran yana numfashi. Na karanta shi ina zaune kusa da taga ƙanƙara tana zuba, na fi awa ban motsa ba. Daga ranar na daina ganin sanyin a matsayin abin da aka yi don a azabtar da ni. Shawarata, ka karanta mutanen da suka san duhun nan tun kakanninsu.

'Yar_Tudun_Jos:
Haba Likita, ka ba shi labarin har ƙarshe, me ya rage ya karanta? Kuma ni ban yarda da shawarar ba sam. Yaro yana zaune shi kaɗai, ya ce zuciyarsa ba daɗi, sai a miƙa masa labarin mutum ya daskare ya mutu? Mu nan Jos mun san sanyi daidai gwargwado, akwai safiyar da ruwan randa ba ya taɓuwa. Mai jin sanyi wuta yake nema. A ba shi abin da zai ji hayaniyar gida, ya ji ana faɗa ana shiri ana dariya. Ruwan Bagaja ma ya isa, yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta rama wa juna tsiya gari bayan gari.

Likitan_Ido:
Ki yi haƙuri Hajiya, na yi laifin faɗin ƙarshe. Amma labarin ba a ƙarshensa daɗin yake ba, a hanyar yake. Kuma ban ce kada ya karanta na dariya ba.

Sadauki_Kt:
Ku bar yaro da littattafan Turawa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, shi ne maganin sanyi. Jini yana tafasa in kana karanta shi. Namu ne na gado, ba aro.

Likitan_Ido:
Sadauki, a nan kam sai na yi magana. Iliya ɗan Rasha ne. Sunansa a can Ilya Muromets, gwarzon tsoffin waƙoƙinsu na baka, wanda ya yi shekara talatin da uku a zaune ba ya tafiya har wasu matafiya suka zo suka warkar da shi. Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuma shi ne Kiev, babban birnin Yukiren na yau. A gidan adana zane-zane na Tretyakov da ke Mosko akwai wani ƙaton zane na mayaƙa uku a kan dawaki, na tsakiyar mai baƙin doki shi ne Iliya. Ranar da na tsaya a gabansa aka gaya mini sunansa, tsigar jikina ta tashi, don na tuna littafin da muka yi ta karɓa-karɓa a aji biyu har bangonsa ya cire.

Sadauki_Kt:
Ikon Allah. To ko daga ina ya zo, Hausa ya ji a bakin Ingawa, kuma ban fasa cewa namu ne ba.

Tsohon_Hedimasta:
Kuna da gaskiya ku biyun. Shi kansa Imam ai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya ya ɗebo da yawa. Kalalatu mai cinye kajin baƙo tana da 'yar'uwa a labaran 'yan'uwan nan Grimm. Gwanintar ita ce ya sa mata zane da ɗankwali har ba mai cewa baƙuwa ce.

Ba'adare:
Gaisuwa daga Tawa. Ku mutanen Kano kuna cewa sanyi, ku zo Agadas a watan Janairu ku kwana a fili ku ji. Da rana zafi, rana na faɗuwa sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙashi. Ni direban babbar mota ne, karatuna a bakin wuta nake yi in mun yada zango. Wanda zan ba ka shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ɗan Nijar, ya fito a 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ce, ta ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawan nan ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da suke ƙone garuruwa suna tafiya gabas. Da Faransanci yake, to in ba ka ji, akwai fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986. Amma littafin ya fi.

Ummu_Sudais:
Tunda an ambaci bakin wuta, don Allah 'yan'uwa a kula da kaskon garwashi. Bara a unguwarmu wata baiwar Allah ta shiga da shi ɗaki ta rufe ƙofa da taga ita da 'ya'yanta biyu, da ƙyar aka ceto su. Hayaƙin gawayi ba ya wari, barci kawai yake sa mutum.

Likitan_Ido:
Gaskiya ne. A ji ɗumi a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, ko da ya zama toka a sama.

Ɗan_Kasuwa_Kwari:
Ga kuma gobara. Duk shekara in iskar nan ta fara sai an ji kasuwa ta kama. Komai ya bushe, ga masu dafa ruwan wanka da hita su manta. Allah ya tsare.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Amin. An ji, kuma tunatarwa ce mai kyau. Amma a dawo kan tambayar Ɗan Gwale, littafi ya nema.

Inna_Ta_Gidan_Rimi:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikata ce take rubuta mini wannan. Ina so in ce wa yaron nan, tun kafin littafi ya zo lokacin ɗari shi ne lokacin labari. An gama girbi, hatsi yana rumbu, ba mai sammakon gona. In an ci tuwo sai mu taru ɗakin kakarmu, ta sa kara a murhu, mu tura gyaɗa da dankali cikin toka. Ƙafafu duk kaushi da faso, ta bi mu da man kaɗanya ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, sannan ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Da rana ba a yi, ana ce mana wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Abin da na tuna shi ne ba ni kaɗai nake ji ba. In Gizo ya yi wa Ƙoƙi wayo kowa ya yi dariya, in dodo ya fito mu matse juna. To kai kana can kai ɗaya. Ko wane littafi suka zaɓa maka, ka nemi wanda za ka karanta wa, ko ta waya ce. Labarin da aka ci shi kaɗai ba ya ƙosarwa.

Maman_Hanifa:
Inna kin sa ni hawaye. Haka tamu kakar take yi, sai dai ita rogo take gasa mana. Ɗan Gwale, in kana son irin waɗannan a rubuce, akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne.

Ɗan_Gwale:
Inna na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Akwai wani ɗan Gombe a masallacin da muke Juma'a, zan yi masa magana.

Ɗan_Omdurman:
Ni a Sudan aka haife ni, kakanninmu daga Hadeja suka taso za su Makka suka zauna a nan. Ɗan'uwa, akwai littafin da kamar don kai aka rubuta. Leila Aboulela, 'yar Sudan ce da ta koma Aberdeen da zama a 1990, littafinta na farko The Translator ya fito a 1999, kuma a garin da kake ɗin nan labarin yake faruwa. Wata bazawara ce mai suna Sammar, mijinta ya rasu a haɗarin mota, ta bar ɗanta a Khartoum wajen gwaggonta ta dawo tana aikin fassara a jami'a. Tana zaune a ɗaki ɗaya ba ko labulen kirki, tana ƙirga lokutan salla a cikin gajeriyar rana. Marubuciyar ta san yadda ƙarar bututun ɗumama ɗaki take iya zame wa baƙo kamar kiran salla daga nesa. Rabin littafin na biyu a Khartoum yake, to za ka sha sanyi sannan ka sha rana. Kuma ba littafi ba ne da yake jin kunyar addini, mace ce mai salla da azumi aka sa a tsakiyar labari ba tare da an mai da ita abin tausayi ba. Tabbas za ka same shi a laburaren garin.

Malam_Na_Adabi:
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. In ya gama sai ya bi da na Ɗayyib Salih, Mausimul Hijra ilas Shimal, na 1966, akwai fassararsa ta Turanci. Shi ma ɗan Sudan ne ya je Landan karatu, Mustafa Sa'id, ƙwaƙwalwa kamar wuƙa, zuciya kamar ƙanƙara.

Ɗan_Omdurman:
Malam, littafin babba ne, ba musu. Amma ni ba zan ba ɗalibin da yake zaune shi kaɗai cikin kewa ba a shekararsa ta farko. Akwai ɗaci a ciki da kisa da abubuwan da ba kowa zai iya ɗauka ba. Ya bari sai ya dawo gida, ko sai rana ta dawo.

Malam_Na_Adabi:
Ba yaro ba ne, digiri na biyu yake yi. Ina ganin mun cika tsoron littafi. Wanda yake ƙasar mutane ya fi kowa buƙatar ya ga yadda wani ya je ya ɓata.

'Yar_Tudun_Jos:
Kun ga, maganata ce ta ɗazu ta dawo. Malam da Likita suna gefe guda, ni da Ɗan Omdurman muna gefe guda.

Bafulatanar_Mambila:
Ba wanda ya ambaci Burning Grass na Cyprian Ekwensi? Na 1962 ne, siriri, kwana biyu ka gama. A Minna aka haifi marubucin, ya kuma yi aikin gandun daji a Arewa, ya san abin da yake faɗa. Lokacin da ake ƙona ciyawa makiyaya suna gangarawa kudu neman ruwa, a nan labarin ya fara. Mai Sunsaye ya bi wata kurciya, ciwon sokugo ya kama shi, wato ciwon yawo, ya bar gida yana ta tafiya yana cin karo da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. In ka karanta za ka ji ƙaurin ciyawa da ƙurar hunturu a hancinka. Mu nan Gembu ma sanyin ba wasa, da bargo biyu nake karatu.

Gimbiyar_Alƙalami:
Na zuba ido in ga ko wani zai ambaci mace marubuciyar Hausa ko guda, shiru. Duk an tsaya a 1930 da wani abu. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya tun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda har a Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Ɗan Gwale, in hayaniyar gida kake kewa, ga ta nan. Alhaji Abdu mai shagon atamfa ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaranta. Za ka ji ƙarar turmi, ka ji gulmar maƙwabta, ka ji yadda ake rigimar kayan ɗaki. Ba inda za ka ji Kano kamar nan. Sai ka bi da Wa Zai Auri Jahila? nata, da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa.

Sadauki_Kt:
Littattafan soyayya kuma? Namiji zai zauna yana karanta kishi da kayan lefe?

Gimbiyar_Alƙalami:
Ka karanta shi kafin ka yi magana, Yaya Sadauki? Ba soyayya a Alhaki, zaman aure ne da haƙƙi. Kuma In Da So Da Ƙauna namiji ne ya rubuta, Ado Ahmad Gidan Dabino, maza nawa ne suka ɓoye shi cikin littafin lissafi suna karantawa a aji? Waɗannan littattafan da ake rainawa su suka koya wa dubban mata karatun Hausa a cikin ɗakunansu, lokacin da ba mai buga komai.

Sadauki_Kt:
Ban karanta ba, gaskiya. Na ji, zan nema. Amma ni dai a bar ni da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Mailoma, tauraron littafin, shi kaɗai ya isa ya hana mutum barci, kuma wanda dare ya yi wa tsawo ai abin da yake so ke nan.

Malam_Na_Adabi:
Wannan zaɓi ne mai kyau. Daga wata gasa ya fito, aka buga shi a 1982, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Suna cikin waɗanda suka fara shigo da bindiga da fasa-ƙwauri da ɓarnar bayan yaƙin basasa cikin labarin Hausa. Af, Turawan da Ɗan Gwale yake cikinsu ma suna da al'adar ba da labaran fatalwa a daren hunturu. Marubucinsu Charles Dickens ya fitar da nasa, A Christmas Carol, na marowacin nan Scrooge a Disamban 1843, har yau duk shekara sai sun maimaita shi.

Ummu_Sudais:
A'a, ban da na tsoro. Mutum shi kaɗai a gida, dare awa goma sha bakwai, a ce ya karanta fatalwa? In ya ji motsi wa zai kira?

Auta_Zango:
Daga Kumasi. Mu nan hazo kawai muke gani da bushewar leɓe, ba wani sanyin kirki. Tambayata, duk waɗannan na Hausar a ina mutum zai same su a waje? Wa yake da su a waya ya turo mana?

Gimbiyar_Alƙalami:
Don Allah kada a fara wannan a nan. Ni marubuciya ce. Littafina na ƙarshe wata takwas na yi ina rubuta shi, da dare bayan yara sun yi barci. Kwana uku da fitarsa na gan shi yana yawo a WhatsApp, an ma cire sunana. Wani kuma ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Waɗanda suke raye a saya a wajensu, yawancinsu ana samunsu kai tsaye, kuɗin bai kai na katin waya ba.

Auta_Zango:
Ki gafarce ni Anti, ban yi nufin cutarwa ba. Amma tsoffin fa? Na yi shekara ina neman Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ban samu ba. Babana yana ba mu labarin Kilba da tafiyarsa sararin sama, ina so in gani da idona.

Ɗan_Kasuwa_Kwari:
Tsoffin na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ana samun wasu a wajen masu sayar da littattafan makaranta a Sabon Gari, musamman waɗanda ake sawa a jarrabawa. Auta, akwai masu zuwa Kumasi sarin goro, in na samu zan ba da a kawo maka. Na Aberdeen ne ban san yadda za a yi ba.

Maman_Hanifa:
Ƙanwar maigidana za ta koma Glasgow farkon Janairu. In an haɗa littattafan zan ba ta, daga can ta sa a gidan waya. Ɗan Gwale ka yi mini magana ta gefe.

Tsohon_Hedimasta:
A sa Shaihu Umar a ciki, ni zan biya. Na yi ta jira wani ya kawo shi. 'Yar Jos tana son ɗumi, Likita yana son a fuskanci sanyi, to wannan littafin bai shiga layin kowa ba. Siriri ne, ba ado, ba barkwanci. Yaro ne aka sace, aka bi da shi ta Kano aka ƙetare Sahara, ya tashi a hannun wani Balarabe ya zama malami. Uwarsa kuma ta fita nemansa ita kaɗai, ta faɗa hannun masu bauta, ta bi sawunsa har Tarabulus. Na karanta shi ina ɗalibi ban ga komai ba sai tafiye-tafiye. Na sake karanta shi a shekarar da babban ɗana ya tafi karatu waje, sai na ga ashe littafin na uwar ne.

Ɗan_Gwale:
Salam 'yan'uwa, ku yi haƙuri da shiruna na kwana huɗu. Na je laburare na samo na Leila Aboulela kamar yadda Yaya na Omdurman ya ce. Akwai titunan da ta ambata da nake bi kullum, har na fita da yamma cikin ruwa na je na tsaya a ɗaya daga ciki. Na Tolstoy ma na karanta, Likita, duk da na san ƙarshen, kuma ban ji ya ƙara mini nauyi ba. Amma Hajiya 'Yar Jos ita ma tana da gaskiya, don washegari sai da na nemi abin dariya. Ɗan Gomben nan ashe yana da Magana Jari Ce na ɗaya a akwatinsa, duk ya sha salatif. Shekaranjiya bayan Isha, wadda muke yi tun wajen biyar da rabi, ya zo da wani ɗan Maraɗi, muka dafa shayi muna karɓa-karɓa, kowa ya karanta labari ɗaya da ƙarfi. Inna, a gaya miki an yi yadda kika ce. Mun tsaya a dare na uku.

Inna_Ta_Gidan_Rimi:
Madalla. Ku riƙa sa citta da kanumfari a shayin.

'Yar_Tudun_Jos:
Alhamdu lillahi. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da na Ɗayyib Salih, kada ka taɓa shi sai Afrilu.

Malam_Na_Adabi:
Ni kuma na ce ya karanta shi yanzu, tunda ga abokan tattaunawa ya samu. Ɗan Gwale, in kun kai inda Mustafa Sa'id ya fara ba da labarinsa da dare, ka dawo nan ka gaya mana abin da ɗan Maraɗin ya ce.

Ba'adare:
Gobe da asuba za mu ɗauki hanyar Arlit, kwana biyu ba layi. Wanda yake da Ganɗoki ya ajiye mini, in na dawo Ƙonni zan aiko a karɓa.